Ina Texaco Ya Shiga? Tarihin Kamfanin Mai Daga Texas Zuwa Kano

TAMBAYA

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, mazaunin unguwar Gyadi-Gyadi cikin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yana so a ba shi tarihin kamfanin man nan mai alamar tauraro, wato Texaco. Ya ce tun yana yaro yake ganin gidajen man kamfanin, sai kawai aka wayi gari babu su. Wasu sun ce masa karyewa kamfanin ya yi, wasu sun ce wani kamfani ne ya haɗiye shi, wasu kuma sun ce wani Bakano ne ya saye shi. Wanne ne gaskiya? Daga ƙarshe ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar takardar hannun jarin Texaco a cikin adaka. Shin tana da sauran amfani, ko kuwa ta zama ta ƙunsa ƙosai?

AMSA

To malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Maganganun nan uku da ka ji duk gaskiya ne, sai dai ba lokaci ɗaya suka faru ba. Karyewar a 1987 aka yi ta, haɗiyewar a 2001, cinikin Bakano kuwa a 2009, kuma shi reshen nan na yankinmu ya saya, uwar kamfanin tana can Amurka. Kafin a gane yadda wannan ta jawo waccan, tilas mu koma baya shekara 120 da 'yan kai. Sai ka gyara zama.

RIJIYAR DA TA HAIFI KAMFANI

Ran 10 ga watan Janairu 1901, a kan wani ɗan tudu da ake kira Spindletop, kusa da garin Beaumont a jihar Texas ta Amurka, wasu masu haƙa ƙarƙashin wani injiniya mai suna Anthony Lucas suka dace da mai. Man ya yi tsiri sama har ya zarce tsawon rimi, ya kwana 9 yana ambaliya kafin a iya toshe bakin rijiyar. An ƙiyasta cewa tana fitar da ganga 100,000 a kowace rana, ita kuwa ganga ɗaya lita 159 ce.

Nan da nan jama'a suka yi ca a wurin, kowa na haƙa kusa da ɗan'uwansa. Mai ya yi yawa har farashin ganga ya faɗo zuwa senti 3, wato ruwan sha ya fi shi tsada a garin. Manomin tumatir na Kadawa ya san irin wannan rana, ranar da kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja.

A cikin masu tururuwar akwai wani Joseph Cullinan, wanda ya daɗe yana aikin mai. Shi ya lura cewa ranar araha mai rumbu ke cin riba. Saboda haka ya shiga sayen man da aka rasa yadda za a yi da shi, yana tarawa a manyan tankuna, yana shimfiɗa bututu zuwa bakin teku. A 1902 shi da wani mai harkar kuɗi na birnin New York, Arnold Schlaet, suka kafa kamfani da jarin dala miliyan 3, suka sa masa suna The Texas Company. Ba a daɗe ba rijiyoyin Spindletop suka soma ƙafewa, kamfanin ya kusa durƙushewa tun yana jariri. Abin da ya cece shi wata sabuwar rijiya ce da ya haƙa a Sour Lake a 1903, kuma a shekarar ya buɗe matatarsa ta farko a garin Port Arthur. Shi sunan Texaco taƙaitawa ce da suke yi wajen buga wayar tangaraho, har ya bi bakin mutane. Sai a 1959 ya zama sunan kamfanin a hukumance.

A wannan fili na Spindletop aka haifi wani kamfanin kuma, da kuɗin gidan wasu attajirai da ake kira Mellon. Sunansa Gulf. Ka riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

GIDAN ROCKEFELLER

Shi kuwa kamfanin da ya zo ya haɗiye Texaco daga baya, asalinsa daga wani gida ne daban. A 1870 John D. Rockefeller ya kafa Standard Oil a jihar Ohio. Dabararsa ita ce ya ƙulla yarjejeniya a asirce da kamfanonin jirgin ƙasa su rage masa kuɗin dako, sa'an nan ya karya farashi har sai abokin gasa ya gaji ya sayar masa da matatarsa. Kashin dankali ke nan sosai. Cikin shekara 10 kusan kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a Amurka ya koma hannunsa. Ɗaya daga cikin waɗanda ya saye shi ne wani ɗan kamfani na jihar California, Pacific Coast Oil, wanda aka kafa a 1879, ya shiga hannun Standard a 1900.

Da abin ya ishi mutane, gwamnati ta kai ƙara. A watan Mayu 1911 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a raba Standard Oil gida 34, kowane ya ci gashin kansa. Uku daga cikinsu suka fi girma a duniya. Na New Jersey shi ne Esso, wanda ya koma Exxon. Na New York shi ne ya zama Mobil. Na California kuma ana ce masa Socal, kuma shi ne Chevron na yau. Ka ga ke nan wasu sunayen da dattawanmu suka saba gani a bakin titi 'ya'yan mutum ɗaya ne da kotu ta raba wa gida.

SUN HAƊU A ƘASAR SAUDIYYA

Zumuncin Texaco da Socal a ƙasar Larabawa ya soma. A 1932 Socal ya sami mai a tsibirin Bahrain. Daga nan injiniyoyinsa suka hango tuddan gabashin Saudiyya, suka ce in akwai a nan, to akwai a can. A lokacin duniya na cikin matsin tattalin arziki, alhazai sun ragu ƙwarai, alhali kuwa da kuɗin da ake samu daga aikin Hajji gwamnatin Sarki Abdul'aziz take tafiyar da mulki. A watan Mayu 1933 aka sa hannu a birnin Jidda, Socal ya sami izinin neman mai a gabashin ƙasar, ya biya fam 35,000 na zinariya a matsayin kafin alƙalami.

Aka yi ta haƙa, shekara na bin shekara, ba a sami abin kirki ba, kuɗi na ta zurarewa. Ga kuma wata matsalar: man Bahrain yana hannu, amma Socal ba shi da kasuwar da zai kai shi. Shi kuwa kamfanin Texas yana da kantuna da dillalai a Afirka da Asiya, man da zai ba su ne yake masa nisa. Mai kaya ba rumfa, mai rumfa ba kaya. Saboda haka a 1936 suka haɗa gwiwa, suka kafa kamfanin tarayya mai suna Caltex, wato rabin sunan California da rabin na Texas, kuma kamfanin Texas ya karɓi rabin izinin Saudiyya.

Ran 3 ga watan Maris 1938, rijiya ta 7 da aka haƙa a Dammam ta yi ambaliya. Wannan kamfani na Saudiyya shi aka sa wa suna Aramco a 1944. A 1948 Esso da Mobil suka shigo cikinsa da nasu jarin. Daga bisani gwamnatin Saudiyya ta shiga sayen hannun jarin sannu a hankali, kashi 25 cikin 100 a 1973, kashi 60 a 1974, ta kammala mallakarsa a 1980.

A tsakanin shekarun 1940 zuwa farkon 1970 kamfanoni 7 ne ke juya harkar mai a duniya: Esso, Mobil, Socal, Texaco, Gulf, Shell da BP. Shugaban kamfanin man Italiya, Enrico Mattei, shi ya laƙaba musu sunan 'yan mata bakwai 'yan gida ɗaya, saboda yadda suke haɗa baki kan farashi da rabon kasuwa.

YADDA YA ZO NIJERIYA

Kayan Texaco sun soma shigowa Nijeriya a 1913, ta hannun kamfanin Faransawan nan CFAO, wanda yake da kantuna a garuruwa da dama har da Kano. Ka tuna a 1911 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a 1912. Jirgin da ke sauka da gyaɗa Ikko shi ke hawowa da gishiri da atamfa da kananzir. A wancan zamani mota ba ta da yawa, don haka kananzir ne babban abin sayarwa, garwa biyu a cikin akwatin katako ɗaya. Shi ya sa fitilar ƙwai ta soma ture aci-bal-bal a gidajen masu hali. Ita kanta garwar, in man ya ƙare, sai ta koma ta ɗiban ruwa da awon man gyaɗa.

Haka aka yi ta tafiya har shekara 50. A 1964 kamfanin ya karɓi sayar da kayansa da kansa, ya shiga gina gidajen mai. A watan Agusta 1969 aka yi wa Texaco Nigeria Limited rajista. Sa'an nan gwamnatin soja ta kafa dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, ta farko a 1972 zamanin Janar Gowon, ta biyu a 1977 zamanin Janar Obasanjo. A ƙarƙashin wannan doka ne a 1978 Texaco ya sayar wa 'yan Nijeriya kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa, Turawa suka riƙe kashi 60. Galibin tsofaffin takardun Texaco da ke cikin adakun mutane daga nan suka samo asali.

A nan akwai abin da ya kamata a bambance, don shi ne mabuɗin labarin. Harkar mai hawa biyu ce. Akwai haƙowa, wadda ta yi kama da noma, akwai kuma sayarwa a gidan mai, wadda ta yi kama da awo a rumfa. Texaco yana da kamfani daban na kowanne a Nijeriya. Texaco Nigeria shi ne mai gidajen mai, shi ne kuma wanda jama'a suka sayi hannun jarinsa. Texaco Overseas shi ne mai rijiyoyi a cikin teku, gefen inda jihar Bayelsa take a yau. Rijiyarsa ce ta Funiwa ta fashe a watan Janairu 1980, ɗanyen mai ya malale ruwa da ƙauyukan masunta, abin da ake lissafawa cikin ɓarna mafi muni da aka taɓa yi a yankin. Shi ma Gulf yana nan a lokacin. Ya gano mai a filin Okan cikin teku a 1963, ya soma fitarwa a 1965, ya kafa sansaninsa a Escravos.

Game da man da kuke sha a Kano kuwa, bayan an buɗe matatar Kaduna a 1980, ta bututu ake turo shi zuwa ma'ajiyar NNPC da ke Hotoro, nan maƙwabtanku. A wancan lokaci tankar Texaco da ta Mobil da ta AP duk layi ɗaya suke bi, famfo ɗaya ke cika su. Allon da ke bakin titi ne ya bambanta, fetur ɗin na tukunya ɗaya ne, farashin kuma gwamnati ce ke yankawa.

CINIKI A KAN CINIKI

Yanzu sai maganar karyewa. Wajen 1980 rijiyoyin Texaco na Amurka sun tsufa, na Saudiyya kuma sun koma hannun masu ƙasa. Manyan kamfanoni suka ga sayen kamfani mai rijiyoyi ya fi neman sabuwar rijiya sauƙi. A 1984 Socal ya sayi Gulf ɗungurungum kan kuɗi sama da dala miliyan dubu 13, cinikin da ba a taɓa yin irinsa ba a lokacin, ya kuma canza sunansa zuwa Chevron. Ta haka rijiyoyin Escravos suka koma hannun Chevron.

Shi ma Texaco ya fita farauta a wannan shekara. Akwai wani kamfani, Getty Oil, wanda mai shi attajiri J. Paul Getty ya mutu a 1976, magada da manajoji kuma ba sa ga maciji. A farkon Janairu 1984 wani matsakaicin kamfani mai suna Pennzoil ya daidaita da su zai sayi wani kaso. Aka yi musafaha, aka ba da sanarwa ga 'yan jarida, saura lauyoyi su gama rubuta takarda a sa hannu. Kafin a yi haka sai Texaco ya zagayo ya ƙara kuɗi, ya saye Getty gaba ɗaya kan kimanin dala miliyan dubu 10.

Kowane ɗan kasuwa a Dawanau ya san sunan wannan. Mai kaya ya ce ya sallama, dillali ya shaida, sai wani ya zo ta bayan fage ya ce zai ƙara. Pennzoil ya kai ƙara kotu a birnin Houston. Lauyoyin Texaco suka ce ai ba a sa hannu ba, don haka babu ciniki. Lauyoyin Pennzoil suka ce a harkar mai, in mutum ya ba da hannu ya ba da magana, ciniki ya faɗa. A can akan zaɓo mutane 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shari'a su yanke, kuma waɗannan mutane suka bi bayan Pennzoil. A watan Nuwamba 1985 aka ce Texaco ya biya diyyar dala miliyan dubu 10 da miliyan 530, wato fiye da kuɗin da ya sayi Getty ɗin.

Aka yi ta ɗaukaka ƙara ba nasara. A watan Afrilu 1987 Texaco ya je kotu ya ce a ba shi kariya irin ta wanda bashi ya fi ƙarfinsa. Har zuwa ranar ba a taɓa ganin kamfani mai girmansa ya yi haka a Amurka ba. Irin wannan karyewa ba ta nufin rufe ƙofa, gidajen mai sun ci gaba da aiki, kotu ce kawai ta tsare masu bin bashi har a daidaita. Daga ƙarshe aka yi sulhu kan dala miliyan dubu 3, ya biya a 1988. Don ya miƙe, sai da ya sayar da reshensa na Jamus da na Kanada, ya kuma sayar wa kamfanin man Saudiyya rabin wasu matatunsa 3 na Amurka. Cikinsu har da ta Port Arthur, matatarsa ta fari, wadda tun 2017 ta zama mallakar Saudi Aramco ita kaɗai. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Texaco ya tashi, amma bai sake komawa ƙarfinsa na da ba.

SHEKARUN HAƊIYE-HAƊIYE

A 1998 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, ganga ta sauko wajen dala 11. Manyan kamfanoni suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. BP ya haɗe da Amoco a 1998. Exxon da Mobil, waɗanda kotu ta raba a 1911, suka koma gida ɗaya a 1999. Total na Faransa ya haɗiye Petrofina na Beljiyam, ya ƙara da Elf. Wanda ya tsaya shi kaɗai sai ya zama ƙaramin kifi.

A watan Oktoba 2000 Chevron da Texaco, abokan tarayya tun zamanin Caltex, suka ba da sanarwar haɗewa, aka kammala ran 9 ga Oktoba 2001. Darajar cinikin ta haura dala miliyan dubu 35, amma ba tsabar kuɗi aka ƙirga ba. Musayar takarda aka yi: duk mai hannun jari 100 na uwar kamfanin Texaco aka ba shi 77 na sabon kamfani. Ribar irin wannan haɗewa daga rage kashe kuɗi take fitowa, ofis biyu ya koma ɗaya, manaja biyu ya koma ɗaya, don haka dubban ma'aikata suka rasa aikinsu. Da farko an kira shi ChevronTexaco, kamar dai auren da aka ce ba babba ba ƙarami. A 2005 aka shafe rabin sunan, ya rage Chevron kawai, aka gane wanda ya haɗiye wani. Uku daga cikin 'yan matan nan bakwai, Socal da Gulf da Texaco, sun zama ɗaya ke nan. Har yanzu akwai gidajen mai masu tauraron Texaco a Amurka da wasu ƙasashe, amma alamar kasuwanci ce kawai, Chevron ke da ita.

YADDA YA ZO HANNUN BAKANO

A Nijeriya sai a watan Satumba 2006 Texaco Nigeria ya koma Chevron Oil Nigeria. Bai daɗe da sabon sunan ba aka sa shi a kasuwa. Dalili kuwa a fili yake. Sayar da fetur a ƙasar da gwamnati ke yanka farashi ribarsa 'yar kaɗan ce a kan kowace lita, ga matatun gida ba sa aiki sosai, ga jiran gwamnati ta biya kuɗin tallafi, ga ɗawainiyar tankoki a kan hanya. A ɗaya gefen kuma, a 2008 Chevron ya soma ɗiban mai daga filin Agbami da ke can cikin teku mai zurfi, wanda Texaco da kamfanin Famfa suka gano a 1998, aka kuma gina shi don ya ba da ganga 250,000 a rana. Wato dai sun sayar da rumfa, sun riƙe gona.

Wanda ya saya shi ne kamfanin Corlay Global, haɗin gwiwar MRS na Nijeriya da Petroci, kamfanin man gwamnatin Kwaddibuwa. Shi MRS, Alhaji Sayyu Dantata ne ya kafa shi a 1995. Bakano ne daga zuriyar Alhaji Alhassan Dantata, ɗan'uwa kuma ga Alhaji Aliko Dangote, kuma a ɓangaren sufuri na kamfanin Dangote ya goge kafin ya kama nasa. An kammala cinikin a watan Maris 2009. Ya haɗa da kashi 60 ɗin nan da Turawa suka riƙe tun 1978, da kuma gidajen man Texaco na Binin, Togo, Kamaru, Kwaddibuwa da Kwango. A watan Disamba 2009 aka canza sunan zuwa MRS Oil Nigeria, aka sauke tauraro daga alluna.

Dubi yadda zamani ke juyawa. A zamanin da garwar kananzir ta Texaco ke sauka a kantunan Turawa, Alhassan Dantata yana cikin fataken da ke saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Shekara 96 bayan zuwan garwar farko, wani daga zuriyarsa ya saye kantin mai kananzir ɗin.

Ba Texaco kaɗai wannan ta shafa ba. Gidajen Esso sun koma Unipetrol a 1976, shi kuma ya sayi na Agip a 2002, ya zama Oando a 2003. Na BP gwamnatin Obasanjo ta ƙwace a 1979 suka zama AP, suka koma Forte Oil a 2010, sa'an nan Ardova a 2020. Na Shell suka zama National, daga baya Conoil. Na Mobil kamfanin NIPCO ya saya a 2017. Ga kuma 'yan kasuwar gida irin su A.A. Rano da Azman da suka cika titin Zariya da na Maiduguri da nasu allunan.

Shin komawar gidajen mai hannun 'yan ƙasa ta sauko da farashi? Mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa sun san amsa. Mai gidan mai ɗan awo ne, yadda ya saro haka zai sayar. Lita tana naira 65 lokacin da MRS ya karɓi gidajen a 2009. Bayan Shugaba Tinubu ya janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023 ta ninka, ta sake ninkawa. A watan Disamba 2024, da matatar Dangote ta Legas ta ƙulla yarjejeniya da MRS aka sayar da lita naira 935, mutane murna suka yi, don a wasu wurare ta haura 1,000. Abin da ke yanka farashi shi ne kuɗin ɗanyen mai a duniya, da darajar naira, da inda aka tace man, da nisan da tanka za ta yi kafin ta iso Kano.

TAKARDAR DA KE CIKIN ADAKA

To malam, kada a ƙunsa ƙosai da ita. In takardar ta Texaco Nigeria ce, kamfanin bai mutu ba. Suna ya canza sau biyu, mai babban kaso ya canza, amma rajistar ɗaya ce tun 1969. Abin da aka sayar a 2009 kason Turawa ne, kashi 40 na jama'a ba a taɓa shi a wannan ciniki ba. Kamar gida ne da mutum ke da ɗaki a ciki, mai babban sashe ya sayar da nasa, sabon mai gida ya yi fenti ya canza lamba.

Abin yi shi ne ku nemi dillalin hannun jari mai lasisin hukumar SEC, wadda ke kula da wannan kasuwa, ya binciko muku wurin magatakardan da ke riƙe da littafin masu hannun jarin MRS Oil Nigeria. Shi zai faɗa muku ko sunan mahaifinku na nan, hannun jari nawa ne a yanzu, da ko akwai ribar shekaru da ba a karɓa ba. Za a nemi takardar shaidar rasuwa, da takardar kotu mai ba magada izinin kula da dukiyar mamaci, da asusun banki. Kada ku miƙa ainihin takardar ga wanda ba ku tabbatar da shi ba, kada kuma ku sayar wa mai cewa takardar banza ce zai taimaka ya karɓa. Sa'an nan kada a sa rai da yawa kafin a ji lissafi, don wani hannun jarin ya yi 'ya'ya, wani kuwa kuɗin zirga-zirga ma sai ya fi shi. Ko nawa ne dai, dukiyar gado ce, haƙƙin dukkan magada, sai a sa ta cikin rabo.